Zabuwar Kan Dutse

Gadar ta faso daga cikin gamba kamar an harbo ta daga baka, hayaƙi na bin bayanta. Jibo bai tsaya dogon auno ba, ya ja da baya ya saki kerensa. Sandar ta tafi tana juyi a iska, ya ji ƙarar haɗuwarta da ƙashi, gadar ta tuntsura ta miƙe ƙafafu.

Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki har maƙogwaro. Tun hantsi yake gudu a dajin da ke tsakanin Gozaki da Malumfashi, bai sami ko kurege ba. Ranar farautar gayya ce, wadda ake yi bayan an gama tsinkar auduga an kai dawa rumbu. Ƙauyuka kan fito da ganguna da karnuka, a kewaye daji, a cinna masa wuta ta inda iska ke tasowa, duk abin da ya fito rabon mai zafin hannu ne. Ba kowace shekara ake samun sukunin haka ba, don mahara daga arewa sukan hana mutane yin nisa da ganuwa. Bana kuwa shiru ake ji, shi ya sa kowa ya fito, Musulmin gari da Maguzawan ƙauye, har da tsofaffin da ba sa iya gudu sai ihu.

Jibo manomin auduga ne, ba mafarauci ba. Abin da ya fito da shi, matarsa Ladidi ce ta haifa masa ɗan fari, tana ɗaki tana jego, shi kuwa da safe ya tsaya bakin ƙofa ya yi mata alkawarin romon naman daji.

Ya zaro wuƙa yana gudu, don ya samu ya yanka kafin rai ya fita. Yana kama wuyan gadar sai ya ji an ja ta ta baya. Wani dogon Bamaguje ne riƙe da ƙafafunta, ba riga a jikinsa sai warki da guraye a damtse, gumi na zuba a ƙirjinsa.

"Saki, mutumin Gozaki," in ji dogon.

"In saki me? Kerena ne ya kayar da ita."

"Naka ƙasa ya samu. Duba can."

Jibo ya duba. Kere biyu ne kwance a gefen gadar, kusa da juna kamar an jera su.

"To, bari in yanka tukuna, ma yi maganar daga baya. In ta mutu haka ta zama mushe."

"A wurinka ke nan. Ni a wurina nama nama ne. Kuma na san halinku, wanda ya sa wuƙa shi zai ce tasa ce."

Wannan ya ja, wancan ya ja. Jibo ya saki wuyan ya cafki hannun dogon, dogon ya saki ƙafa ya danna masa tafi a ƙirji. Ashe gadar suma kawai ta yi. Da ta ji an sake ta sai ta wuntsila ta miƙe, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa cikin ciyawa, ko wutsiyarta ba su sake gani ba.

Suka tsaya riƙe da juna suna kallon inda ta bi. Dogon ne ya fara dariya, irin mai fitowa daga ciki, har ya dafa gwiwa. Jibo ya so ya ci gaba da fushi, bai iya ba, shi ma ya tuntsire.

Suna cikin dariyar baƙar toka ta fara sauka a kafaɗunsu. Jibo ya ɗaga kai. Shirwoyin da ke bin bakin wuta suna cafke fara, waɗanda ɗazu suke can gabas, yanzu ga su a kansu. Kiɗan ganguna ya yi nisa, ya koma kamar a wani gari ake yi. Sai wani ruri ya taso daga cikin gambar, haɗe da fashe-fashen kara.

"Iska ta juya," in ji dogon. Dariyar ta bar fuskarsa. "Ka iya gudu?"

"Ina za mu bi?"

"Dutse."

Ya nuna da haɓa. Can gaba wani faffaɗan dutse ne tsaye a tsakiyar daji kamar an kifa ƙwarya, ba ciyawa a kansa. Suka zuba a guje. Gambar ta fi su tsawo, tana yankar fuska da hannuwa. Zomaye da gafiyoyi suna wucewa ta tsakanin ƙafafunsu, ba mai kallon wani. Jibo bai taɓa sanin yana da gudu haka ba. Zuciyarsa na bugawa, zafin na lasar ƙeyarsa, amma dutsen na ƙara girma a gabansa, har ya fara ganin tsagoginsa.

Nan ƙafarsa ta dama ta zurma cikin ramin gafiya. Ya ji wani abu ya yi ƙas a idon sawunsa, ya kifa. Ya yunƙura, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Dogon ya riga ya yi gaba, Jibo yana hango bayansa yana ɓacewa cikin hayaƙi. Bai kira shi ba. Wa zai dawo cikin wuta saboda mutumin da suka gama kokawa yanzu? Ya fara jan ciki yana salati.

Sai ga ƙafafu a gabansa. Dogon ya sunkuya ya ciccibe shi kamar damin dawa, ya rungume shi a ƙirji, ya juya wa wutar baya. Saura kaɗan su kai gindin dutsen harshen wuta ya tsallako ta kansu, ciyawar da ke gefe ta kama gaba ɗaya. Dogon ya yi wani gurnani, amma bai sake shi ba. Ya kutsa, ya taka dutsen, ya yi ta hawa har inda babu abin da zai ci wuta, sa'an nan ya zube.

Wutar ta iso gindin dutsen ta rabu biyu, ta kewaye shi tana ruri, ta haɗe a can gaba ta wuce. Jibo ya zauna yana tari, hawaye na zuba don hayaƙi. Ya taɓa kansa, ya taɓa ƙirjinsa. Da ransa. Murna ta kama shi.

"Mun tsira, ɗan'uwa. Ka gan ta can ta wuce."

Dogon kuwa bai ɗago ba. Yana kwance rub da ciki, ya cije leɓe, yatsunsa na kartar dutse. Jibo ya ja jiki kusa da shi ya duba. Daga kafaɗar hagu zuwa tsakiyar baya fatar ta yi jawur, ta fara tasowa, wani wurin har ta saɓule. Ba ruwa a tare da su, gorar Jibo ta faɗi a wurin gudu. Rana na tsaka, dutsen kansa zafi yake kamar tanda.

Jibo ya waiga hagu da dama, bai san ma abin da yake nema ba. Can sai idonsa ya sauka kan wata doguwar tsaga inda ƙasa ta taru. Wasu tsirrai ne cunkus a ciki, ganyensu masu kauri sun buɗe a kewaye kamar yatsun hannu, gefensu da 'yan ƙayoyi irin haƙoran zarto, jikinsu da ɗige-ɗigen fari kamar gashin zabo. Rana ta busar da bakin ganyen ya yi ja, amma gindin a cike yake fam. Daga tsakiyar manyan wani dogon kara ya miƙe ya yi rassa, ya rataye furanni ja da rawaya.

"Zabuwa," in ji Jibo. Ya sake faɗa da ƙarfi don daɗi. "Ɗan'uwa, ga zabuwa nan, dutsen cike yake da ita."

Ya san ta tun yana yaro. Kakarsa Tsohuwa mai dafa sabulu ce, kullum tana gaban tukunya mai tafasa, hannuwanta ba sa rabuwa da ƙuna. Ta dasa zabuwa a fasasshiyar tukunya kusa da murhu, ko ruwa ba ta cika ba ta ba, amma ba ta taɓa mutuwa ba. Takan ce fatake sun gaya mata a ƙasar Larabawa akwai wata iri marar ɗige, ta fi wannan tsoka, amma aikinsu ɗaya.

Ya rarrafa zuwa tsagar. Ya zaɓi ganyen waje, tsofaffi masu nauyi, ya yanko su daga can gindi. Wani ruwa rawaya mai wari ya fara tsatsowa daga yankan. Ya jingina su a tsaye jikin dutse don ya tsiyaye.

Dogon ya juyo da kai yana kallonsa. "Me kake jira? Wuta ake hura mini a baya."

"Sai rawayan nan ya fita. In ya taɓa ɗanyen ciwo zai ƙara maka raɗaɗi."

"Wannan ai maganin ciki ne," in ji dogon yana nishi. "Inna takan ɗiga shi a kunu in ciki ya ɗaure, ka wuni kana zarya bayan gida. Da ɗacinsa ma aka raba ni da nono."

"Wancan aikin rawayan ne. Na ciki daban. Ka yi haƙuri kaɗan."

Ya ɗauki ganye ɗaya ya fere ƙayoyin gefe, ya tsaga shi biyu a kwance. Cikin ya bayyana, fari garau kamar ƙanƙara, yana sheƙi, yauƙi na bin wuƙar. Jibo ya taɓa da yatsa. Duk zafin ranar nan, cikin ganyen da sanyinsa. Ya yi bisimilla, ya kifa tsagin a kan kafaɗar dogon a hankali.

Jikin mutumin ya ɗauki rawa, sa'an nan ya saki. Ya ja dogon numfashi ya sauke.

"Ƙara," ya ce.

Jibo ya ƙara. Ya yi ta yanka, yana ferewa, yana tsagawa, yana jerawa, har ya rufe ƙunar duka. Inda fata ta saɓule bai kifa ganye ba, sai ya kankaro tsokar da bayan wuƙa ya zuba a kai. In tsagi ya ɗumame ya cire ya sa sabo. Hannuwansa suka yi santsi har wuƙar na suɓucewa, ya goge a taguwa ya ci gaba. Ya manta da ƙafarsa. Duk sa'ad da ya ga yatsun dogon sun ƙara sakin dutsen, sai ya ji kamar ya yi kirari.

"Ƙishi nake ji," in ji dogon can. "Ba ni in tauna."

"Ka manta da zarya?"

"Ba ni dai."

Jibo ya yanko tsokar tsakiya wadda ba ta taɓa ɓawo ba, ya sa masa a baki. Dogon ya tsotsa, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Har yanzu halinta bai sake ba."

Suka yi dariya, dogon yana yi yana cewa wash.

Da rana ta karkata, ƙasa ta fara hucewa. Daga kan dutsen dajin duka baƙi ne, sai kututture nan da can suna hayaƙi. Dogon ya nuna wasu rumbuna da bukkoki a gindin wata kuka, can yamma.

"Ga gidanmu. Gozaki ta yi maka nisa da wannan ƙafar."

Jibo ya dubi bukkokin. Ya san yadda farautar gayya take ƙarewa in an yi gardama kan nama. Bara ma sai da aka fasa kawuna. Ga shi zai shiga gidan mutane da ɗansu a ƙone, shi kaɗai, ba ko sanda. Amma ƙunar nan tana son sabon ganye kafin dare, kuma dogon ba ya iya kai hannu bayansa.

Ya tuɓe taguwarsa ya keta ta. Da rabi ya ɗaure tsagin ganyen a bayan dogon, sako-sako. Da ɗaya rabin ya ƙunshe ganye masu yawa, ya tono 'yan ƙanana guda biyu da saiwarsu daga gindin uwar ya haɗa. Dogon ya miƙa masa kafaɗar dama mai lafiya, Jibo ya rataya. Haka suka sauko, mai ƙafa ba baya, mai baya ba ƙafa, toka na tashi duk inda suka taka.

Ba su kai kukar ba suka hango mutane suna tahowa da sauri, da kulake da gatura. Na gabansu gajere ne kakkaura, idanunsa jawur.

"Wana ne, sunansa Mati," in ji dogon. "Kada ka yi magana sai na yi."

Mutanen suka tsaya cak da suka gan su. Toka ta rufe Jibo da dogon fari fat, ga yauƙi na ɗiga daga bayan dogon. Wani daga baya ya ja da baya yana shirin gudu.

"Dogo?" in ji Mati. "Kai ne, ko fatalwarka?"

"Ni ne, Yaya. Fatalwa ba ta jin yunwa."

Mati ya matso, ya dubi ƙanensa, ya dubi Jibo, ya gyara riƙon kulkinsa. "An ce an ga wani mutumin Gozaki ya shaƙe ka a kan gada, daga nan ba a sake ganinka ba. Shi ne wannan?"

"Shi ne."

Mutanen suka fara kewaye su.

"Gadar ta fi mu wayo, ta tafi abinta," in ji Dogo. "Wuta ta ritsa mu. Ni na ɗauke shi, shi ya kashe wutar da ta biyo ni a baya. Sauke sandar nan ka karɓe shi, kafaɗata ta gaji."

Mati ya zagaya ya ɗaga ƙyallen ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi kulkin, ya durƙusa a gaban Jibo.

"Hau," ya ce.

A goye aka shiga da Jibo gidan. Kafin su kai tsakar gida labari ya riga su, mata suna guɗa, yara suna tsalle, wani ya ɗauko ganga. Wata tsohuwa siririya ta fito daga ɗaki ta ratsa taron. Ita ce Inno, uwar su Dogo. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, Dogo ya kwanta rub da ciki, ta kwance ƙyallen ta ɗaga tsagin ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ta sunsuna yatsanta.

"Wa ya tsiyaye rawayan?"

"Ni ne, Inna," in ji Jibo.

"Wa ya koya maka?"

"Kakata. Sabulu take dafawa."

Inno ta gyaɗa kai. "Ni ciki da yaye na san ta da su. Matso ka nuna mini yadda kake tsagawa, gobe ba ka nan."

Ya kwance ƙunshin ya nuna mata. Matan gidan suka kewaye su, kowace na miƙa wuya, ganyen na yawo hannu zuwa hannu, ana taɓa yauƙin ana mamakin sanyinsa. Ya gaya musu a sake sabo safe da yamma, kada a sa toka ko mai, kada a fasa inda ya taso. Ya ba Inno 'yan ƙananan nan biyu, ya ce a dasa su inda ruwa ba ya kwanciya, da kansu za su yi 'ya'ya su cika wurin.

Wani ya kawo ƙwaryar giya, Inno ta kore shi da hannu, ta sa aka dama wa baƙo fura a sabon ƙoƙo. Ita da kanta ta ja ƙafarsa ta murza idon sawun har ya ga taurari, ta ɗaure da sauran taguwar. Da ta ji abin da ya fito da shi farauta, sai ta yi wa Mati magana a kunne. Ya tafi ya dawo da jaki da wani jan zakara an ɗaure masa ƙafafu.

"Da ransa na ba ka," in ji Inno. "Ka yanka da hannunka yadda kuke yi. Mai jego ba ta kwana da alkawari."

Jibo ya yi ta maimaita godiya. Mati ya ɗora shi kan jakin, ya miƙa masa zakaran, ya kama igiya. Rana ta yi ja a bayan kukar, in sun yi sauri za su kai Gozaki kafin a rufe ƙofa.

Sun kai bakin zaure sai muryar Dogo ta biyo su daga kan tabarma.

"Mutumin Gozaki. Wai yaya ma sunanka?"

"Jibo."

"Yaron fa?"

"Ba a raɗa ba tukuna. Jibi ne suna." Jibo ya gyara zakaran a hammata. "In ka iya tashi, ka zo. Ka tambayi gidan Jibo mai auduga."

Dogo ya ɗaga kai daga tabarmar ya yi tunani. "Bayan nan ba zai karɓi riga ba nan da jibi. Sai dai in zo haka."

"Zo haka," in ji Jibo. "Da ma ba da riga na san ka ba."

Mati ya ja igiyar, jakin ya kama hanya.